Ruwaida da Ɗan Gidan Bayan Katanga

Da shebur a hannunta Mu'ayyad ya sake ganinta bayan shekaru. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba a kan garin Ajlun har ta binne matakalan gidaje, ita kuwa Ruwaida ta fito da sassafe cikin tsohuwar rigar sanyin babanta tana ta fama da tulin da ya toshe musu ƙofa. Duk abin da ta kwaso sai ta wurga ta kan katanga ba tare da ta duba ba. Na ƙarshen a kan mutum ya sauka.

"Allah ya ba da lada," in ji wata murya daga bayan katangar. "Ashe wadda sama ke zubo mana ba ta isa ba, sai maƙwabta sun ƙara."

Ta ɗago a firgice. Dogon saurayi ne, ƙanƙara fal a hularsa har da girarsa, yana ta ƙoƙarin danne dariya.

"Wayyo, ka yi haƙuri, ban san da mutum ba."

"Ba komai. Ruwaida ce ko? Rabona da ke tun kina jan jakar makaranta a ƙasa kina kuka."

Sai a lokacin ta gane shi. Mu'ayyad ne, ɗan maƙwabtansu, wanda ya daɗe a Akaba yana gyaran injuna a tashar jiragen ruwa. Hutu ya zo, guguwa ta rufe shi a gida. Ta ji fuskarta ta yi zafi duk da sanyin da ake yi, ta ja mayafinta ta koma ciki.

Ai dole ta koma. Duk unguwar an san gidan Abu Hazim, baban Ruwaida, da gidan Abu Mu'ayyad, baban saurayin, ba sa gaisawa. A kan indararo abin ya fara. Na rufin Abu Mu'ayyad ne yake kwararo ruwa a gindin inabin Abu Hazim, aka faɗi magana, aka mayar da wadda ta fi ta, shi ke nan. Shekaru suka yi ta wucewa, dattijan biyu suna sahu ɗaya a masallaci, kowa na kallon gabansa.

A cikin gida kuwa hankali a tashe yake. Tun la'asar ɗin jiya wata ƙatuwar bishiya ta faɗo kan wayoyin lantarki a gangaren hanya, wuta ta ɗauke a unguwar baki ɗaya. Kakar Ruwaida, Hajja Fidda, huhunta ya yi rauni, da na'ura take samun iskar numfashi, na'urar kuma sai da wuta. Ƙaramin tulun iskar da ake ajiyewa saboda irin wannan rana shi aka jona mata, ga shi allurarsa ta kusa kwanciya. Sun kira motar asibiti, an ce hanya a toshe take, ana kan sharewa, su ƙara haƙuri.

Ruwaida ta durƙusa a gaban tsohuwar tana murza mata hannu. Leɓunanta sun fara canza launi.

"Sitti, yaya kike ji?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ubanki ne dai yake ta sintiri yana shanye mini 'yar iskar da ta rage."

Can sai ga ƙarar janareto ta tashi daga bayan katanga. Ruwaida ta kalli babanta.

"Yaba, ka ji?"

"Ban ji komai ba," ya ce, ya zari makullin mota. "Ni zan kai ta asibiti da kaina."

Ya fita yana tono tayoyin motar da hannu. Kowa ya san motar ba inda za ta. Ruwaida ta kalli mahaifiyarta, uwar ta sunkuyar da kai, sannan ta ce a hankali, "Ni dai ban ga fitarki ba."

Tun tana yarinya rabonta da ƙofar gidan nan. Ta ƙwanƙwasa. Abu Mu'ayyad ne da kansa ya buɗe, ya tsaya yana kallonta da mamaki.

"Ammi," ta ce, wato Baffa, "Sitti ce. Iskarta ta kusa ƙarewa, ba mu da wuta."

Ko tambaya ɗaya bai yi ba. Ya juya ya ƙwala wa ɗansa da matarsa kira. "Mu'ayyad! Ɗauko kujera da barguna! Umm Mu'ayyad, gyara shimfiɗa kusa da murhu!"

A kujerar roba suka ɗauko Hajja Fidda, an naɗe ta da barguna sai idanunta kawai ake gani. Uba na riƙe da gefe guda, ɗa na riƙe da gefe guda, Ruwaida na biye rungume da na'urar. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Abu Hazim, hannayensa sun yi jajir don sanyi. Ya kalli uwarsa, ya kalli abokin gabarsa. Kujerar ta ɗan karkata a kan santsi, sai kawai ya sa hannu ya tallafe bayanta. Haka suka tafi su uku.

Da aka jona na'urar ta fara gurnaninta, ba a jima ba tsohuwa ta ja dogon numfashi, launin leɓenta ya dawo. Ta buɗe ido ta ƙare wa ɗakin kallo.

"Umm Mu'ayyad, har yanzu labulen nan ne? Tun bikinki nake ganinsa."

Ɗaki ya kwashe da dariya, Ruwaida kuwa hawaye ne suka zubo mata. Mu'ayyad ya miƙo mata kofin shayi, ya kawar da kai kamar bai gani ba.

Kafin azahar gidan ya cika. Su ne masu babban murhun itace, sauran gidaje kuwa tukwanen gas ɗinsu sun fara ƙarewa. Masu jarirai suka shigo, tsofaffi suka shigo. Kowa da abin da ya kawo: wannan garin alkama, wancan man zaitun, wata ta kwaso naman firjinta gaba ɗaya ta ce gara a ci da ya lalace. Aka ɗora babbar tukunyar miyar ƙananan waken nan da ake kira adas, mata suna gasa gurasa a kan murhu, wayoyi sun yi layi a jikin soket ɗaya ana faɗan wanda zai fara caji.

Washegari matsala ta taso. Mu'ayyad ya shigo yana goge hannu ya ce fetur ɗin janareto ba zai kai yamma ba.

Abu Jiryis, dattijon Kirista mai gidan kusa da coci, shi ya fara miƙewa. Ya ajiye makullinsa a kan tire.

"Motata tankinta cike yake, kuma ba inda za ta. A zuƙe shi."

Sai makullai suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe na Abu Hazim ne, ya ajiye yana kallon bango.

Mu'ayyad ya ɗauki tiyo. Da aka nemi mai riƙe jarka, Ruwaida ta riga kowa tashi, ta ce ai kakarta ce. Suka bi motocin layin suna tone murfin tanki daga cikin ƙanƙara. A mota ta biyu ya zuƙa da ƙarfi, fetur ya cika masa baki, ya dinga tari yana tofarwa.

"Injiniya guda!" ta ce tana dariya har da riƙe ciki. "Haka ake yi a Akaba?"

"A Akaba ba a tsaya mini a kai ana kallona. Hankalina ne ya rabu."

Dariyar ta tsaya. Ta laluba aljihu ta ciro alewar na'ana'a ta ajiye masa a kan motar, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Ba ni lambarki," ya ce. "Saboda na'urar Hajja. Ko da wani abu zai taso."

"Saboda na'ura kawai?"

"Yau dai saboda na'ura."

Da yamma tana zaune a ɓangaren mata tana yankan albasa wayarta ta yi ƙara.

"Malama mai shebur, ina tambayar lafiyar na'ura. Da ta mai riƙe jarka."

Ta goge hannu ta rubuta: "Na'ura lafiya lau. Mai jarka kuma ta ce ka sha madara, har nan ana jin warin fetur."

"Na sha. Alewar dai ban sha ba, na ajiye."

Hajja Fidda da ke kishingiɗe ta kalle ta ta wutsiyar ido. "Wannan albasar daban ce. Kowa tana sa shi kuka, ke tana sa ki murmushi."

Amma akwai abin da ya tsaya wa Ruwaida a rai. A gidan akwai wata kyakkyawar yarinya mai suna Dima, wadda ta zo daga Irbid guguwa ta tare ta. Zoben baiko ne a yatsanta. Ba ta jin nauyin Mu'ayyad ko kaɗan: ta fizge masa hula, ta sha shayi a kofinsa, ta zauna gab da shi. Rannan Ruwaida na wucewa ta ji Umm Mu'ayyad na ce mata, "Ke dai bari a buɗe hanya, ki ja Mu'ayyad ku je ku zaɓo kujerun ɗakin naki."

Jarkar da ke hannunta ta kusa suɓucewa.

Bayan 'yan kwanaki motar share hanya ta iso, ma'aikata suka ɗaure wayoyi, fitilu suka kama. Yara suka yi ta ihu a layi. Aka mayar da Hajja Fidda ɗakinta. A bakin ƙofa Abu Hazim ya tsaya, ya daɗe yana gyaran murya, sannan ya ce, "Allah ya raya maka zuriya, Abu Mu'ayyad." Shi kuma ya ce, "Uwarmu ce duka." Da ƙanƙara ta fara narkewa indararon nan ya koma aikinsa, Abu Mu'ayyad ya kafa tsani zai juya shi, sai ga Abu Hazim ya fito yana faɗa. "Sauko kafin ka karya wuya a ce ni ne! Bar shi, inabin ma ya saba."

Kowa na murna, ban da Ruwaida. Saƙonnin Mu'ayyad suna ta shigowa ba ta amsawa.

"Wuta ta dawo unguwa, ni tawa ta ɗauke. Na yi laifi ne?"

"Ruwaida, jibi zan koma Akaba. Ko kalma ɗaya."

Daga ƙarshe ta rubuta: "Allah ya kiyaye hanya. Allah ya sanya alheri a kujerun da za ku zaɓa."

Ba a yi nisa ba aka yi sallama. Dima ce, Mu'ayyad ya nuna mata saƙon, ta shigo tana haki, dariya ta hana ta magana. Ta faɗa kan gadon Ruwaida.

"Ni? Mu'ayyad? Wannan mai kunnuwan? Baiwar Allah, nono ɗaya muka sha! Mamata ba ta da lafiya lokacin da ta haife ni, Halti, mamar Mu'ayyad, ita ce ta shayar da ni. Yayana ne. Angona yana Irbid, kuma ya fi shi kyau nesa ba kusa ba."

Ruwaida ta rufe fuska da matashin kai.

"Tashi ki amsa masa," in ji Dima. "Tun safe yake zaune gaban abinci kamar wanda aka yi wa mutuwa."

Ta ɗauki waya. "Dima ta ce angonta ya fi ka kyau. Ban yarda ba."

Amsa ta dawo nan take. "Alhamdu lillahi. Ruwaida, ni ba wasa ya kawo ni ba. Ki ba ni izini in turo Yumma, mahaifiyata, wajen mahaifiyarki."

"Ƙofar ai ba nisa."

Iyaye mata suka gana, suka fahimci juna tun kafin shayi ya huce. Da magana ta kai kunnen Abu Hazim kuwa sai fuskarsa ta ɗaure.

"A'a."

"Yaba, me ya yi?"

"Bai yi komai ba. Yaron kirki ne, har in mutu ina gode masa. Amma jiya-jiya suka ceci uwata, yau in miƙa musu 'yata? Gari zai ce Abu Hazim ya rasa abin godiya ne ya ba da 'yarsa. Ga Nizar ɗan abokina, mai kantin magani a Amman, ubansa ya daɗe yana yi mini zancen."

Ruwaida ta sunkuyar da kai. "Ba zan tsallake maganarka ba, Yaba. In ka ce a'a, na haƙura. Amma Nizar ya nemi wata, don kada in cuce shi."

Ta shige ɗaki ta yi kukanta, sannan ta sanar da Mu'ayyad. Can sai saƙonsa ya shigo.

"Babanki yana da gaskiyarsa, hasken idona. Ni ma ba na so a ce lada aka ba ni. Zan koma bakin aiki, mu bari sanyi ya wuce, mutane su manta da janareto. Sai in dawo a matsayin maƙwabci kawai. Za ki jira?"

"Zan jira. Ka dinga cin abinci."

Haka sanyi ya wuce, itatuwan almon suka yi fure, tsaunuka suka yi kore shar. Ruwaida tana zuwa makarantar da take koyarwa tana dawowa, ba ta sake tayar da zancen ba. Nizar ya zo gaisuwa sau ɗaya da kwalin alewa, ta gaishe shi da mutunci ta gaya masa gaskiya, shi ma ya karɓa da mutunci ya tafi. Abu Hazim kuwa ya koma shan kofi da Abu Mu'ayyad kullum bayan la'asar, suna musu a kan farashin zaitun da kowane abu, ban da abu ɗaya.

Hajja Fidda ce ta gaji. Wata rana ta kira ɗanta ɗakinta, ta sa ya zauna a ƙasa kamar yaro.

"Ka ga yarinyar nan tana ramewa?"

"Yumma, maganar mutane nake gudu."

"Waɗanne mutane? Waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya suna cin miya a tukunya ɗaya? Ni aka ɗauka a kujerar roba aka ratsa layi da ni kamar buhun gari, ban ji kunya ba, sai kai? Yaron nan ban zaɓe shi don janareto ba. Ina kwance ina kallonsa. Duk wanda ya shigo sai ya tashi ya ba shi wurin zama, kuma shi ne ƙarshen cin abinci. Ka je ka yi tunani. Ka kuma yi sauri, ni ba zama na zo yi ba."

Ya tashi ya fita. Amma da yamma an ji shi yana ce wa Abu Mu'ayyad, wai a cikin hira, ranar Juma'a yana gida, ba inda za shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci tawagar neman aure ta taho, dattijan unguwa cikin manyan alkyabbu, Abu Jiryis a gaba, don shi Abu Mu'ayyad ya roƙa ya yi magana da bakinsu. Mu'ayyad yana can baya cikin kwat, gumi na keto masa. Aka zuba kofi aka miƙa wa Abu Jiryis. Ya karɓa ya ajiye a gabansa bai sha ba, kamar yadda aka saba.

"Abu Hazim, kofinka mai daɗi ne, amma ba za mu sha ba sai ka biya mana bukata. Mun zo neman 'yarku Ruwaida ga ɗanmu Mu'ayyad. Kun san shi, kun san ubansa. Wasunku ma sun san uban fiye da yadda suke so."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Abu Hazim bai yi ba. Ruwaida da ke laɓe bayan labule ta damƙe hannun mahaifiyarta. Sannan ya ɗago ya dubi saurayin.

"Mu'ayyad, Akaba za ka kai mini ita?"

"A'a, Ammi. Na samu aiki a Irbid, kullum zan dinga dawowa. Saman gidanmu nake gyarawa."

Dattijon ya sauke ajiyar zuciya. "To ku sha kofinku. Na ba ku."

Guɗa ta ɓarke a ɓangaren mata. Abu Jiryis ya kurɓi kofin ya yamutsa fuska. "Ka bari ya huce, mugu!" Aka karanta Fatiha, dattijan biyu suka rungume juna suna bubbuga baya kamar masu dambe.

Wayar Ruwaida ta yi ƙara.

"An sha kofi, amaryata."

"Na gani. Gumi sai keto maka yake, injiniya."

Da bazara aka yi biki. An yanka raguna, aka jera manyan farantan mansaf, shinkafa da nama ana kwarara musu miyar kindirmo mai zafi, unguwa kaf ta ci ta ƙoshi. Da aka zo ɗaukar amarya samari suka ce ba su yarda a taka da ita ƙofa zuwa ƙofa ba. Aka jera motoci, aka zaga da ita gari ana oda ana waƙa, har gindin tsohuwar ganuwar kan dutse, sannan aka dawo layin da aka baro. Hajja Fidda tana motar gaba da tulun iskarta a cinya, tana tafi.

A bakin ƙofar gidan angon Abu Hazim ya yafa wa 'yarsa alkyabbarsa, ya kama hannunta zai miƙa, sai hawaye suka ƙwace masa.

"Yaba," ta ce a hankali, "gidan nan ne fa. In ka yi tari ma zan ji."

"Na sani," ya ce yana share ido da gefen rawaninsa. "Ki bar ni in yi kukana."

Ya ɗora hannunta a cikin na Mu'ayyad, ya haɗa ya riƙe su da nasa biyu.

"Ga amana nan, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai jin ƙai."

Layi gaba ɗaya ya amsa da amin, mata suka saki guɗa, Ruwaida ta sa ƙafar dama ta shiga.